Shekarar da Kajin Innarku Suka Yi Tsirara

Ban riƙe shekarar da lamba ba. Na riƙe ta da iskar da ta ɗauke rufin rumfata ta faci ta jefa shi cikin wayar barikin Shadawanka, har sai da na yi wa sojan ƙofa fadanci kafin ya bar ni na jawo kwanona. A shekarar aka yaye Hadiza. A shekarar kuma kajin Innarku suka yi tsirara, abin da ya haifi maganar da kuke ji a Zungur duk lokacin da kuka je yawon Sallah, wai ubanku ya tozarta yayansa a kan kaza. Na san kun ji, domin idan kun dawo ba ku iya haɗa ido da ni. Da can sai dai in yi shiru, don magana idan ta fita daga baki kowa sai ya ƙara mata gishiri. Yanzu da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, hannuna ya fara sabawa da alƙalami, zan ajiye muku ita yadda ta faru. Rubutuna a hankali yake tafiya, kamar yadda nake neman hujin tayar babur a cikin ruwa. Ku yi haƙuri da shi.

A lokacin muna gidan haya a bayan kasuwar bariki. Ɗakinmu ne na ƙarshe, kuma akwai ɗan lungu a bayansa inda Innarku ta kafa akurki da tsohon kwano da katako. Duk kajinta da ke ciki jikokin kaza ɗaya ne, wadda mahaifiyarta ta ba ta ranar da ta tare. Ba ta da akuya, ba ta da keken ɗinki, kajin nan su ne abin da take kira nata. Ɗakin da ke kallon namu na Maman Rifkatu ne, mutuniyar wajen Bogoro, mai sayar da kunun zaki. Mijinta tsohon soja ne da yake gadi a wani gida a GRA. Ita da Innarku tsintsiya ɗaya suke shara da ita. Idan Kirsimeti ta zo ni take kira in yanka mata kaza don mu ma mu ci, idan Sallah ta zo kwanonta ne na farko da ake zuba wa nama. Ba ta da wurin ajiye kaji, saboda haka kajinta uku suna kwana a akurkin Innarku, ita kuma kullum da safe takan zuba wa duka garken dusar hatsin kununta. Haka aka yi shekaru ba wanda ya ji kansu.

Da bazara ta kama, kajin suka fara sosa. Da farko wuya ne ya fara fita fili, sai gadon baya, sai ƙarƙashin fiffike. Fatar ta yi ja, ta fara saɓa, wasu har da ɓawon ƙurji. Ƙafafunsu suka yi kauri da wani farin ɓamɓaroki kamar an tsoma su a siminti. Ƙwai ya tsaya. Wadda take kwanci ta tashi ta bar ƙwanta ya yi sanyi. Muna da wani jan zakara da yaran bariki suka sa wa suna Kofur saboda takunsa, shi ma ya koma ba wutsiya ba kwarjini. Matar direban da ke ɗakin tsakiya, Laraba, idan ta gan shi sai ta ce:

“Kofur, wa ya tuɓe maka kaki?”

Kowa ya yi dariya ban da Innarku. Wata safiya Maman Rifkatu ta kama kaza ɗaya, ta ɗaga fiffikenta a hasken rana, ta hura gashin da ya rage.

“Maman Sani, zo ki gani. Ƙwarƙwatar kaji ce da ƙuma, ga su nan suna gudu. Bari in kwashe nawa in kife su da kwando a bayan ƙofata, in gwada musu toka da man ja yadda tsohuwarmu take yi. In ya karɓe su sai mu yi wa sauran.”

“Wato namu ne masu cutar ke nan,” in ji Innarku.

“Haba, ni da ke? Gwaji ne, gara a fara da ’yan kaɗan.”

Ta kwashe kajinta uku a gaban kowa, amma ba ta daina zuba wa namu dusa ba. Ku riƙe waɗannan biyun, domin su aka ɗaure ta da su daga baya.

Yanzu sai Baffanku Bala. Ni ban san mahaifinmu ba sai a labari. Yaya ne ya goya ni, shi ya kai ni wurin koyon faci, shi ya nema mini auren Innarku. Bai taɓa kirana da sunan yanka ba, Auta yake ce mini ko a gaban surukaina. A Zungur idan akuya ta yi kirci, wato cutar nan da ke cinye fata da gashi, gidansa ake kai ta, kuma tana warkewa. Wannan gaskiya ne, kada wanda ya rage masa shi. Ranar da abin ya faru ya shigo gari da safe a kan babur ɗinsa, ya kawo mana gero. Innarku ta tafi bikin suna cikin gari, Maman Rifkatu ta zuba dusa ta fita da kununta. Ya leƙa lungu ya ga kajin, ya riƙe haɓa.

“Auta, kana da yaya irina kajinka suke yawo haka ba wando? Je ka karɓo mini baƙin mai wurin makanikin nan na kusa da kai.”

Na kawo a gwangwani. Ya buɗe jakarsa ya fito da wata kwalba, ragowar maganin da yake fesa wa wake, ya tsiyaya a ciki ya juya da kara. Warin ya sa idona ya kawo ruwa.

“Yaya, wannan bai yi musu ƙarfi ba?”

“Tun kana zuwa gona ba riga nake shafa wa awaki wannan. Kama mini waccan.”

Na kama. Ni nake riƙewa, shi yake shafawa da tsumma, wuya da baya da ƙarƙashin fiffike, har ƙafafu. Da muka gama ya mayar da su akurki, ya rufe ƙofa, ya lulluɓe ko’ina da buhuna, ya ce a bar su haka maganin ya ratsa. Rana tana dukan kwanon nan kamar za ta narka shi. Ya ci abinci, ya sa mini albarka, ya hau babur ya koma. Ni ma na koma rumfata da farin ciki, ina cewa Innarku za ta dawo ta tarar an yi mata aiki.

Bayan azahar aka aiko in zo gida maza. Na tarar da ita tsaye a bakin akurki da mayafin unguwa a kafaɗarta, buhu ɗaya a hannunta, ba ta kuka. Na leƙa. Na sha ganin mushen kaza, amma ban taɓa ganin garke guda a kwance wuri ɗaya ba. Wasu sun riga sun sandare. Wasu suna shure-shure, wuya a murɗe, yawu yana dalala daga bakinsu. Kofur yana jingine da katako, idonsa a buɗe, yana jan numfashi kamar ana taka famfon iska. Na tsuguna a wurin. Na ce mata Yaya ne ya shafa musu baƙin mai. Matan gida da suka taru suka ce ai baƙin mai ba ya kisa, zafi ne ya buge su. Sai Laraba ta ce:

“Malam Haruna, kana kallo za su zama mushe? A kawo wuƙa.”

Haka muke yi, kun sani. Dabba idan ta kama hanyar mutuwa ana rige mutuwar da wuƙa don naman ya halatta. Na yanka duk wadda take motsi. Mata suka ɗora ruwan zafi, suka wanke man da toka da sabulu, figar ma ba ta ba su wahala ba tunda ba gashin kirki. Innarku ta ce tunda asara ta riga ta faru, a dafa a raba wa kowane ɗaki. Aka ɗora babbar tukunya a tsakar gida. Kai Sani kana tsugune a gefen murhu kana jiran ƙundu, Hadiza tana riƙe da zanen Innarku. Ƙamshin albasa ya fara tashi sai ga Maman Rifkatu ta shigo da bokitin kunu a ka. Ta tsaya. Ta shaƙi iska, ta dubi tulin hanji da kawuna a kan faranti, ta ɗauki kai ɗaya ta kai hancinta. Ba ta ko sauke bokitin ba, ta sa ƙafa ta ture tukunyar. Romo da nama suka malale cikin ƙasa.

“Kada wanda ya kai wannan baki. Maman Sani, janye yaran nan. Warin maganin gona nake ji, guba ce a jikin naman nan.”

A lokacin ne na dubi kawunan da ke kan faranti da kyau. Duk bakunansu baƙi ƙirin ne, har cikin maƙogwaro. Akuya ba ta bin jikinta da baki gashi bayan gashi. Kaza kuwa abin da take yi ke nan duk yini, balle mai ƙaiƙayi. Abin da muka shafa musu a baya sun tsince shi sun haɗiye, wanda ya rage suka shaƙa a cikin buhuna. Na dubi Sani, na dubi naman da ke cikin ƙasa. Kafin in sami bakin magana, Laraba ta riga ni.

“To ke ya aka yi kika san da guba? Kuma naki ukun suna ina?”

“Wa ya zuba musu dusa yau da safe?” in ji wata daga baya.

Na ce ba dusa ba ce, kada a zargi kowa. Muryata ta ɓace a cikin hayaniya. Ban ambaci kwalbar ba a wurin, domin a gidanmu ba a faɗin kuskuren babba a bayan idonsa, balle a tsakiyar mata. Na faɗa wa Innarku a ɗaki. Ta ce in je in same shi, shi ya kamata ya faɗa da bakinsa. Amma magana ta fi babur sauri. Kafin gari ya waye sau biyu, unguwa ta gama yanke hukunci: wai Maman Rifkatu ta kwashe nata, ta zuba wa namu guba a dusa, da ta ga za a ci sai tsoro ya kama ta. Kununta ya riƙa dawowa gida yadda ya fita. Mai gidan haya ya aiko cewa ta fara neman ɗaki. Mai unguwa ya sa zama ranar Juma’a bayan masallaci. Mijinta ya zo rumfata da kakinsa na gadi, bai zauna ba.

“Baban Sani, shekara nawa kana yanka mana kaza muna ci tare? Abin da na zo tambaya ke nan.”

Ya juya ya tafi. Na rufe rumfa na hau motar Zungur. Na sami Yaya a gindin tsamiya yana gyaran igiya, na gaishe shi, na tsuguna, na faɗa masa komai, har baƙin bakin kajin da tukunyar da aka ture. Na ga hannunsa ya tsaya a kan igiyar lokacin da na ambaci Sani. Sai kuma ya ci gaba da tufka.

“Ga awakina can, wace ce ta mutu? Maganina bai taɓa kashe dabba ba.”

“Yaya, akuya daban, kaza daban. Matar nan za a kore ta daga gida a kan abin da ba ta yi ba.”

“Zan zo zaman. Ni ne babba, ni zan yi magana, kuma zan kashe wutar. Kai dai ka riƙe bakinka, Auta.”

Na dawo da sauƙi a zuciyata, a zatona zai faɗa. Ranar Juma’a aka cika zauren mai unguwa, maza a kan tabarmi, mata a bakin ƙofa. Maman Rifkatu tana zaune ita kaɗai a gefe da mijinta a tsaye a bayanta. Laraba ta faɗi nata, wasu suka ƙara. Sai Yaya ya gyara babbar rigarsa ya yi gyaran murya.

“Ranka ya daɗe, ni ne uba a gidan nan. Kaji dai sun mutu, Allah ya mayar da alheri. Maƙwabtaka ta fi kaza. Mu mun yafe mata duniya da lahira. A bar maganar haka, kada a kore ta.”

Zaure ya ɗauki “madalla, madalla.” Mai unguwa ya ce wannan shi ne dattako, ya ɗaga hannu zai yi addu’ar rufewa. Ni kuwa ji na yi kamar an zare mini tabarma. Ban taɓa sanin yafiya tana iya zama igiya ba sai ranar. Idan aka shafa addu’ar nan, shi ke nan, matar da ta ture guba daga bakin ’ya’yana ta zama mai guban da aka yi wa rangwame, har ’ya’yanta su gaji sunan. Maman Rifkatu ta ɗaga kai, ba ta dubi Yaya ba, ni ta duba.

“Baban Sani, me aka yafe mini?”

Ban san lokacin da na miƙe a kan gwiwoyina ba. Na ce:

“Ranka ya daɗe, a dakata da addu’a. Ba dusa ba ce. Maganin feshin wake ne aka haɗa da baƙin mai. Ni na kawo man, ni na riƙe kajin, Yaya ya zuba maganin ya shafa. Da niyyar alheri ya yi. Ita kuwa ba don ita ba, da yau zaman makoki ake yi a gidana.”

Wani tsoho ya ce, “Innalillahi.” Mai unguwa ya sauke hannunsa a hankali ya tambayi Yaya ko haka ne. Yaya ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya nemi takalmansa a bakin ƙofa. Da ya zo daidai inda nake sai ya tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai da na kusa da ni muka ji.

“Na goya ka a bayana. Yau ka fige ni a gaban mutane. Sai wata rana, Malam Haruna.”

Na bi shi har wurin babur ina ba shi haƙuri. Ya tayar, ya tafi, bai waiwayo ba.

Daga baya na sami wani malamin dabbobi a kasuwa na kwatanta masa yadda kajin suka yi. Ya ce ƙwarin ba a jikin kaza kawai suke ba, cikin tsagar katako da shimfiɗa suke ɓuya, ko ka warkar da kaza suna nan suna jiranta. Ya ce a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a share, a shafe akurki da farar ƙasa, a ajiye musu kasko da toka da yashi su yi birgima, ƙafa mai ɓamɓaroki a riƙa shafa mata man shafawa mara ƙamshi har ya yi laushi, in abin ya yi yawa akwai garin magani da aka yi don kaji, a tambaya kafin a saya. Maganin gona kuwa na gona ne. Ashe Maman Rifkatu ta kusa da hanya. Kajinta uku suka fara fitar da sabon gashi kafin damina ta yi nisa. Wata safiya ta shigo lungunmu da ɗaya a hammata, ta ajiye a gaban Innarku, ta ce ta riƙe mata kiwo, in ta ƙyanƙyashe a raba ’yan tsakin. Innarku ta rufe fuska da mayafi, sai a ranar ta yi kukan kajinta. Duk kazar da kuka taɓa ci a gidan nan tun daga lokacin, jikar wannan ce.

Baffanku yana nan da ransa. Duk Sallah ina zuwa, ina tsugunawa, ina gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Ba na so ku rage masa girma ko na ƙwayar gero. Mutum ne da ya san awaki, ya ɗauka kaza ƙaramar akuya ce, kuma kunya ta fi ƙarfinsa a gaban jama’a. In da za a mayar da ni zauren nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma kada ku ce kyauta na same shi.

Ga abin da ya tafi a shekarar. Kaji goma sha bakwai, da Kofur. Ƙwai tara na kwanci. Akurki ɗaya da muka ƙone saboda gubar. Tukunya ɗaya da muka binne tare da naman. Irin kazar da kakarku ta ba Innarku, ba ko ɗaya da ta rage. Sai babur ɗin Yaya da bai sake tsayawa a ƙofar gidana ba, da sunan nan Auta, wanda tun ranar ba wanda ya sake kirana da shi.